Kyamara a wuya, babu fim a ciki

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, kuɗin kabu-kabu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, da yawa daga cikinmu muka koma wa keke. Ni tsohon Raleigh na babana na jawo daga bayan ɗaki, na kai wa mai gyara ya sa masa taya da birki. Da farko kunya nake ji in shigo makaranta da shi. Yanzu kuwa mun fi mu goma da ke haɗuwa ranar Asabar bayan sallar asuba, mu bar Farfaru mu miƙe hanyar Wamakko, ko mu shiga cikin gari ta Kanwuri mu zagayo ta Hubbare, mu dawo kafin rana ta fara duka.

A zangon karatun da ya wuce sai wani abokinmu ya zo da sabon salo. Wata tsohuwar kyamara ce rataye a wuyansa, baƙa mai ruwan azurfa a sama, irin mai ɗan hannun nan da ake ja da babban yatsa bayan kowace ɗauka. A Tsohuwar Kasuwa ya tsince ta, cikin tarkacen wani mai sayar da tsofaffin rediyo da agogo. Ranar duk wanda ke cikin tawagar sai da ya rataya ta, ya jingina da keke, ya ɗan karkata hula aka ɗauke shi. Da me aka ɗauke shi? Da waya mana. Aka sa wa hoton launin ƙasa-ƙasa da 'yan ɗige-ɗige don ya yi kama da na shekarun 1980, aka ɗora a status, bayan awa 24 ya ɓace. Kafin wata biyu kyamarorin sun zama huɗu. Na buɗe bayan kowace da hannuna, babu fim a ko ɗaya. Guda ma gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na rataya, ni ma an ɗauke ni, kuma wallahi hoton ya yi kyau. Don haka duk abin da zan faɗa da ni a ciki. Ra'ayina shi ne kewar da muke ji ta gaskiya ce, sai dai mun ɗora ta a kan abin da bai dace ba. Abin da ya kuɓuce mana shi ne hoton kati, wanda mutum zai riƙe a hannu bayan shekara arba'in. Kyamarar kanta ƙarfe ce da gilashi, kuma kuɗin da wasunmu ke shirin zubawa a kanta akwai inda ya fi amfani.

Mu fara da inda muka ga yayin. A Italiya akwai wani taron mahaya keke da ake kira L'Eroica, wanda aka fara a 1997 a wani ƙaramin gari mai suna Gaiole. Dokarsa ita ce ka zo da keken tsere na 1987 ko kafin haka, ko mai irin ƙirarsa, mutane su sa rigunan ulu irin na kakanninsu, su bi hanyoyin tsakuwa. A Landan kuma tun 2009 ake yin wani da ake kira Tweed Run, inda ake shiga tufafin da, a hau tsohon keke a zagaya gari. Irin hotunan waɗannan taruka ne ke yawo a Instagram, wasu mahayan da tsohuwar kyamara a kafaɗa, har suka iso wayoyinmu. Kasuwar fim ɗin ma ta ɗan farfaɗo a can, har a 2024 aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, wadda ke raba kowane gurbi biyu, fim mai hoto 36 ya ba ka 72. To amma wanda ke Landan in ya gama fim ɗinsa, akwai shagon da zai kai a wanke masa, kuma kuɗin ba zai hana shi cin abincin dare ba. Mu kuwa siffar kawai muka ɗauko. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mu ma buƙatar aron. Keke da kyamara tsofaffin abokan tafiya ne a ƙasar nan. Ku je gida ku nemi albam ɗin babanku ko na kawunku, da wuya ku rasa hoton wani a tsaye da keke. A namu gidan akwai na babana, baƙi da fari, yana saurayi, hannunsa ɗaya a kan ƙararrawa, ya ɗan ja hannun riga don agogo ya fito. A bayan katin akwai tambarin shagon hoton, da 1981 da aka rubuta da biro. Keken da ke cikin hoton shi ne wanda nake hawa yau. A wancan zamanin Raleigh ba abin wasa ba ne, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano, kuma saurayin da ya mallake shi sai ya tura shi har shagon mai hoto don a shaida. Wanda ba shi da shi ma yakan ari na mai shagon.

Haka abin yake a sauran Afirka ta Yamma. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da keke da Vespa don masu zuwa ɗaukar hoto su riƙa. Malick Sidibé kuma, a shekarun 1960, a kan keke yake bin wuraren shagalin samari da dare, ya ɗauke su, ya koma shago ya wanke, washegari su zo su zaɓi wanda suke so. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ya rasu a 2016. Na tabbata gwanaye ne. Amma da mutanen nan biyu ba su adana dubban nagatif ɗinsu a cikin akwatuna ba, da babu wanda zai san gwanintar tasu. Sakkwato ma ta yi masu hoto da suka bi biki da suna da hawan sallah da saukar karatu a kan keke, kyamara a kariya. Ina nasu nagatif ɗin?

Wannan tambayar ce ta kai ni wurin wani dattijo a cikin gari, wanda ya yi sana'ar shekaru da yawa kafin waya ta kashe masa kasuwa. Mai gyaran kekena ne ya haɗa mu. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya, ya aika jikansa ya ɗauko wata kyamara naɗe a tsumma. Yashica ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama.

Na ce, “Baba, hoto nawa take ɗauka?”

Ya ce, “Sha biyu, ɗana. In kab ɓata guda, kuɗinka na kab ɓata. Shi as sa dauri ba mu danna ta sai mun gyara ma mutum hula, mun gyara mai tsayuwa, mun duba inda rana take. Ku yanzu awa ruwan sama kuka zuba shi.”

Ya ba ni labarin yadda suke fama da zafi. Ruwan maganin da ake wanke fim baƙi da fari ya fi son sanyi, wajen digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu garin nan yana haura 40. Don haka sai tsakar dare ko goshin asuba yake aiki, da ruwan randa, wani lokaci ya sayo ƙanƙara. Da mai kala ya shigo kuma sai ya zama ba a gida ake wankewa ba, sai an kai inda injin yake a jira. Duk wannan na saurara da sha'awa, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwalin da ya nuna mini a ƙarƙashin gado. Nagatif ne cike, wasu a ambulan, wasu sun manne da juna, gara ta ci gefen kwalin. Na ɗaga ɗaya a hasken ƙofa sai ga wasu 'yan makaranta a jere, malaminsu a tsakiya, a gefe an jingine keke.

Na ce, “Baba, sauran abokan sana'arku fa, ina nasu?”

Ya ce, “Wani aminina da yar rasu, ɗiyanai sunka share ɗaki, sunka tara su waje sunka sa wuta. Ba su san mi a ciki ba. Ni ma in nit tahi haka za a yi ma wanga.”

Bai faɗa da baƙin ciki ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni ne jikina ya yi sanyi. A cikin kwalin nan akwai fuskokin iyayen wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla, da tituna kafin a faɗaɗa su, da irin ɗinkin da aka daina. Mu kuma muna can muna cinikin kyamarar da babu komai a cikinta.

Kada a ce ban yi wa masu son fim adalci ba. Abokin nan namu da ya fara kawo yayin ya yi abin da sauran ba su yi ba, ya ce shi sai ya ɗauki hoto na gaske. Ya yi odar fim mai kala ta intanet, ya jira ya iso. Ya yi mako uku yana lallaɓa hoto 36, kuma na ga yadda abin ya canza shi: mutumin da ke danna waya sau ashirin a wuri ɗaya ya koma sai ya sauka daga keke, ya zagaya, ya jira mai rakumi ya iso daidai inda yake so. Wannan horo ne mai kyau, ban musa ba. Da ya gama sai ya bi shagunan hoton da ya sani a gari, kowa ya ce ya daɗe da daina wanke fim. Daga ƙarshe Legas ya aika wurin wani. Kuɗin fim da na wanki da na aikawa, da ya lissafa mini, ya fi abin da nake ci a mako biyu. Kusan rabin hotunan sun ƙone ta gefe, domin soson da ke toshe bayan kyamarar ya ruɓe, haske yana shiga. Wasu kuma launinsu ya juye, wataƙila saboda fim ɗin ya sha rana a jaka, ga shi zafi na lalata shi.

Amma duk ba wannan ne abin dariyar ba. Kun san yadda hotunan suka dawo masa? Ta WhatsApp. Mai wankin ya wanke fim ɗin, ya mayar da hotunan na kwamfuta, ya turo masa a waya. Bayan duk wannan wahala da kashe kuɗi, abokina bai riƙe kati ko ɗaya a hannunsa ba. Ya ɗora su a status, bayan awa 24 suka ɓace kamar sauran. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ni na san zafin wannan ta wata hanya. A shekarata ta farko a makarantar nan wayata ta ɓata a cikin cunkoson kasuwa. Hoto sama da dubu ne a ciki, ban ajiye su ko'ina ba. Yawancinsu shirme ne, allon lakca da kwanon abinci da fuskata a madubi. Amma a cikinsu akwai waɗanda na ɗauki kakata a sallar da ta zama ta ƙarshe a gare ta, tana zaune a tabarma tana raba wa jikoki goro da alewa. Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ko na taɓa tura wa wani. Guda ɗaya na samu, shi ma WhatsApp ya matse shi, in ka buɗa shi fuskar sai ta dushe. Hoton babana na 1981 yana nan garau, ana iya ƙirga wayoyin tayar keken. Na kakata da aka ɗauka shekara arba'in bayansa, da na'urar da ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, ya tafi.

Na san abin da 'yan sashen kwamfuta za su ce: laifinka ne, me ya hana ka ajiye a intanet? Gaskiya ne, kuma yanzu ina ajiyewa. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, mu nawa ne ke tuna lambar sirrin imel ɗin da mai shagon waya ya buɗe mana? Google ya daina ba da wurin ajiyar hoto kyauta marar iyaka tun 1 ga Yuni, 2021, yanzu 15GB ne, in ya cika sai ka biya ko ka goge. Kuma ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Ranar da mutum ya rasu, wayarsa a kulle, wa zai buɗe? Kamfani ma ba ya dawwama. Kodak, wanda sunansa ke kan kwalayen fim da yawa da iyayenmu suka saya, kuma wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, shi da kansa ya shiga kotu neman kariyar fatara a Janairun 2012.

Wani kuma zai ce ai katin ma yana lalacewa. Ƙwarai kuwa. Gara na ci, gobara na ci, waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta tafi da gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun san abin da ruwa ke yi wa kayan ɗaki. Mai kala ma yakan koma ja-ja in ya daɗe. Amma kati ba ya neman caji ko data ko lambar sirri, kuma ƙanwarka mai shekara shida tana iya jawo shi daga ƙasan akwati ta tambaye ka wane ne wannan. Hoto ɗaya a wuri biyu, a waya da a kati, ya fi wuyar ɓata.

Saboda haka ga abin da nake roƙon abokan hawana, da duk wanda yayin ya fara ja. Kuɗin fim ɗaya da wankinsa zai buga maka kati masu yawa daga wayarka a shagunan da ke cikin garin nan, yau ɗin nan, ba sai an aika Legas ba. In horon da fim ke bayarwa kake so, ba sai ka saye shi ba: ranar Asabar ka ce wa kanka hoto sha biyu kawai zan ɗauka, kamar Yashicar Baba, ka ga yadda idonka zai buɗe. Ƙarshen zango ka zaɓi sha biyun da suka fi, ka buga. Ka juya bayan kowane ka rubuta sunayen waɗanda ke ciki da wurin da ranar, da fensir, don biro yakan huda ko ya zubar da tawada. Wannan rubutun na baya shi ne rabin darajar hoton. Dattijon nan yana da ɗaruruwan fuskokin da shi kansa ya manta masu su.

Kuma mu daina ɗaukar kanmu kawai. Keke yana kai mu lungun da mota ba ta shiga, a saurin da ido ke iya gani. Mai facin da ke bakin hanya, masu jima da rini, 'yan kwalekwale a gulbi, wuraren da tsofaffin ƙofofin gari suke irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware, duk muna wuce su kowane mako muna neman inda za mu jingina mu karkata hula. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, in an buga a kai masa nasa. Haka masu hoton da suke yi, shi ya sa ake buɗe musu ƙofa.

Ga ƙungiyar ɗalibai kuma, kowace shekara ana tara kuɗin rigar kammala karatu da na liyafa. Me zai hana kowane aji ya ware kaɗan ya buga albam guda, da sunan kowa a ƙarƙashin fuskarsa, a ajiye ɗaya a ɗakin karatu? Sannan a sa rana ɗaya a zango da ɗalibai za su kawo tsofaffin hotunan gida a kwafe musu su a kwamfuta, a mayar musu da abinsu a take. Nagatif ma ba ya buƙatar wata babbar na'ura kafin a ga abin da ke ciki. Ka ɗora shi a kan farin haske, ka ɗauke shi da waya, ka juya launin, hoton zai fito. Ba zai kai na ƙwararru ba, amma ya isa a gane ko wane ne. Waɗanda suka shafi tarihin gari, in masu su sun yarda, muna da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, ana iya zuwa a yi magana da su.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya, kuma da gaske nake. Cikin irin waɗannan kwalaye akwai hotunan matan aure da 'yan mata, waɗanda aka ɗauka don miji ko don ɗaki, ba don duniya ba. Wasu yanzu kakanni ne, wasu sun rasu. Akwai kuma gidajen da ba sa son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini, wannan haƙƙinsu ne. Duk wanda zai kwafi hoton uwar wani ya watsa a Facebook don a yaba masa, gara ya bar wa gara ta cinye. A nemi iyalan, a ba su, su yanke abin da za a yi.

Wanda ke da hali kuma yake son fim don kansa, Allah ya ba da sa'a, ban hana ba, ya dai gyara soson bayan kyamarar tukuna, ya ajiye fim ɗin a wuri mai sanyi, in an wanke kuma ya ce a buga masa a dawo masa da nagatif ɗinsa.

Ni dai na koma wurin Baba, ya yarda mu zo mu jera masa kwalin. Sharaɗinsa biyu ne: kada a fita da ko ɗaya daga zauren, kuma kada a kama nagatif ta tsakiya, sai ta gefe. Asabar mai zuwa bayan mun dawo daga hanyar Wamakko can za mu wuce. Abokin nan mai kyamara ya ce zai sayo ambulan ɗari, ni zan zo da fensir da sabon kwali. Mai son zuwa ya same mu a bakin ƙofar makaranta bayan asuba, ya zo da hannu mai tsabta, in kekensa ba shi da iska akwai famfo a wurina.